Godiya ga wata nas da ta tsaya min a ɗakin haihuwa

Maman Hanif (Tudun Jukun):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Da farko nagode da barka da addu'o'in da kuka yi ta turowa, wasu ban samu na amsa ba don jikin sai a hankali, Allah ya bar zumunci. Jiya aka yi suna, yarinya ta ci sunan Maryam. Amma ba shi ya kawo ni ba, akwai abin da yake raina tun da aka sallamo mu na ce sai na faɗe shi a nan inda mutane da yawa za su gani, don mu kullum in an tashi zancen ma'aikatan asibiti daga tsinuwa sai Allah ya isa, to ni yau godiya na zo yi.

Wannan ce haihuwata ta uku, biyun farko da sauƙi suka zo shi ya sa kowa ya ɗauka wannan ma haka za a yi. Bayan isha'i faya ta fashe, kaina yana sara min sosai, da ƙyar Baban Hanif ya samo napep muka tafi. Muna zuwa aka gwada jinina aka ga 160 bisa 110. Nas ɗin da take aikin dare ba yarinya ba ce, za ta yi sa'ar babbar yayarmu, daga jin Hausarta ka san 'yar kudancin Kaduna ce kuma ba Musulma ba ce. Ba zan sa sunanta ba don ban nemi izininta ba. Tana ganin awon jinin ta kira likita, aka ce a min allurar hana jijjiga. Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne kafin ta taɓa ni sai da ta ce ƙanwata allurar nan guda za ta shiga ta jijiya sauran a ɗuwawu hagu da dama, tana da zafi ba zan ɓoye miki ba, kuma za ki ji jikinki ya ɗau ɗumi har fuska, kar ki tsorata haka take yi. Kuma wallahi yadda ta faɗa haka na ji. Robar fitsari ma da za ta sa min sai da ta gaya min dalili.

Daga nan naƙuda ta tsaya cak, an ce ƙofar mahaifa ta buɗe santimita 6 ta ƙi gaba, ciwo kuma bai fasa ba. Mu da yawa ne a ɗakin su kuma su biyu ne rak, amma duk bayan ɗan lokaci sai ta zagayo ta ɗora abin sauraron nan a cikina ta ji bugun zuciyar yarinya ta rubuta, ta ce tana nan lafiya ki ƙara haƙuri. Da likita ya shigo da ɗalibai a bayansa kafin in yi magana ta ja zanina ta rufe min jiki, ta tambaye ni ko na yarda su tsaya, na ce a'a, ta ce musu su jira a waje. Ku mata kun san abin da wannan yake nufi.

Can cikin dare na sare gaba ɗaya, na kama hannunta na fara ba ta wasiyya, ina cewa ki gaya wa mijina ya kai su Hanif wajen mamata. Ta ce a'a ni ba zan karɓi saƙon nan ba, ki riƙe abinki da bakinki za ki gaya masa abin da kike so. Sai ta ce ku in abu ya yi tsanani wace addu'a kuke yi, yi ta da ƙarfi ina jinki. Na kama la'ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin, tana murza min baya tana cewa ci gaba, ci gaba.

Gab da asuba Allah ya sauke ni. Yarinya ba ta yi kuka nan take ba, ɗayar ta ɗauke ta tana goge ta tana murza bayanta har ta tsanyara. Ni kuma ina cikin hamdala sai na ji wani ɗumi yana bin bayana, ganina ya fara dishi-dishi, bakina ya yi nauyi na kasa cewa komai. Ita ta gani kafin kowa. Ta danna marata tana murzawa da ƙarfi, tana ƙwala wa 'yar uwarta kira a kawo allura a ƙara ruwa a ɗaya hannun a kira likita, duk a lokaci ɗaya, kuma tana kiran sunana kar in rufe ido. Ashe guntun mabiyiya ne ya rage a ciki, likita ya cire. Jini leda biyu aka ƙara min. Lokacin tashinta ya yi masu aikin safe sun karɓa amma ba ta tafi ba sai da ta ga an rataya ledar farko. Ta ɗebo ruwan ɗumi ta goge min ƙafafu da duk inda jini ya ɓata, ta ɗaura min wani zanin kafin ta bari a shigo da mamata, ta ce kar tsohuwa ta gan ki a haka hankalinta ya tashi. Ni wannan na ƙarshen shi ne in na tuna nake kuka.

Dan Allah ku taya ni yi mata addu'a. Kuma ina neman shawara me ya kamata in yi mata.

Hajiya Inna (Kwarbai):
Allahu akbar. Sannu 'yar nan, kin sha wuya. Allah ya raya Maryama ya ba ki lafiyar shayarwa. Ita kuma baiwar Allah nan Allah ya saka mata da alheri ya jiƙan mahaifanta, in suna raye ya ƙara musu lafiya.

Zee Samaru:
Wayyo Anti wlh har na yi hawaye. Wajen zanin nan ne ya taɓa ni. Allah ya biya ta

Ummu Aiman:
Barka Maman Hanif, Allah ya raya. Amma ni gaskiya zan faɗi abin da ke raina ko da ba zai yi daɗi ba. Sa'a kika yi kawai. Ni da na je haihuwar fari ban san komai ba, ina kuka ina kiran mamata wata ta ɗaka min duka a cinya ta ce in rufe mata baki, wai ita ta yi min cikin? A gaban kowa. Da aka zo ɗinki ina ihu tana hira da ƙawarta. Har yau in na ji warin ɗakin nan gabana faɗuwa yake, haihuwar da na yi bayan nan a gida na yi ta kuma ban yi nadama ba. Kuma in ma an duba ai abin da wannan ta yi miki aikinta ne, albashi ake biyanta a kai. Mun saba da wulaƙanci ne har ya zama in mutum ya yi abin da ya kamata sai mu ga kamar waliyyi ne.

Maman Hanif:
Ummu Aiman Allah ya ba ki haƙuri, abin da aka yi miki zalunci ne kuma ba zan ce miki ƙarya kike ba don na san wasu da aka yi wa irinsa. Amma allura da ƙarin ruwa su ne aikinta. Tsayawa bayan an tashe ta, da tunanin halin da mamata za ta shiga in ta gan ni cikin jini, wannan ba ya cikin albashi.

Ustaz Abu Huzaifa (Limancin Kona):
Barka da arziki malama. Game da maganar cewa aikinta ne, ko da aikin mutum ne ana gode masa. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma bai ware mai albashi ko wanda ba Musulmi ba. Shi aikin jinya ma yana da asali a wajenmu, Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, a can aka kwantar da Sa'ad bn Mu'az bayan an harbe shi a yaƙin Handaƙ. Kuma duk mai tsawa ga mai naƙuda ya je ya karanta suratu Maryam, Nana Maryam da kanta da ciwon ya kai ta gindin dabino cewa ta yi ina ma na mutu kafin wannan. Amsar da ta samu lallashi ce, kar ki yi baƙin ciki, ga ruwa ga dabino ki ci ki sha.

Ummu Aiman:
Malam ban ce kar a gode ba. Cewa nake kar godiyar ta rufe bakin waɗanda aka cuta.

Anti Nas:
Salam. Na daɗe ina karantawa ina tunanin in yi magana ko in yi shiru, don mu in muka yi magana sai a ce muna kare junanmu. Ungozoma ce ni, aikin da nake ci da shi kenan. Ummu Aiman, wadda ta dake ki ta gaya miki wannan maganar ta yi laifi, ba a koya mana haka a makaranta ba kuma babu gajiyar da ta halatta shi. Ina ba ki haƙuri a madadin rigar da muke sawa.

Amma bari in gaya muku yadda daren yake ta ɓangarenmu. Ku biyu ne a ɗaki, gadaje sun cika har da na ƙasa, wannan kai ya taho, waccan tana jijjiga, ga wata an kawo daga ƙauye ta kwana ta wuni tana naƙuda a gida hannun yaro ya fito, Nepa sun ɗauke kina riƙe da tocilan waya a baki, ki aika miji ya sayo safar hannu ya tsaya yana miki ciniki a bakin ƙofa. 'Yan ajinmu da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya, waɗanda suka yi ritaya ba a cike gurbinsu yadda ya kamata ba. Akwai kuma wani lokaci guda da za ku ji mun ɗaga murya, lokacin da kan yaro ya sauko uwa ta gaji ta haɗe ƙafafu ko ta daina nishi, a nan minti kaɗan ne tsakanin yaro lafiyayye da wanda zai fito bai numfashi. Ɗaga murya a ce yi nishi daban, zagi daban, kuma mu kanmu mun san bambancin.

Abin da nake so ku lura da shi a labarin Maman Hanif, kirkin matar nan da iya aikinta ba a raba su. Da ba ta zagayowa tana dubawa da ba ta ga jinin da wuri ba. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu jego a duniya, kuma abin da muke kira zubar jini ya fara ne daga mililita 500, wato cikin ledar fiyawata ɗaya. Zani biyu sun shanye wannan ba wanda ya lura. Murza marar nan da ta yi miki mai zafi ita ce taimakon farko, mahaifa ake tilasta wa ta tsuke don jijiyoyin su rufe.

Dakta Sani (Shika):
Gaskiya ne Sista. Shi ya sa yanzu ake ƙoƙarin a daina kintace da ido. An yi wani babban gwaji a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, sakamakon ya fito a 2023, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu jinin yana taruwa a ciki ana ganin adadinsa, in ya kai sai a yi duk matakan tare maimakon a gwada ɗaya a jira a gani. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100.

Ummu Aiman, ina roƙonki da girmamawa kan maganar haihuwa a gida. A nan garin namu Zariya aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken haihuwa na Afirka, Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na ABU daga 1976 zuwa 1979, aka buga a 1985. Abin da ya fito fili shi ne mafi yawan matan da suka rasu waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya lalace aka kawo su. Har yau abin da muke gani kenan. Ki duba ita Maman Hanif haihuwa biyu lafiya lau, ta ukun ce ta zo da hawan jini da zubar jini a dare ɗaya. Da a ɗaki take, kafin a samu mota a fito daga cikin lungu a kama hanya fa?

Ummu Aiman:
Dakta na ji kuma ban musa ba. Amma ku ma ku sani ba jahilci ne kaɗai yake hana mata zuwa ba. Ni na yi makaranta. Wulaƙanci ne ya kore ni. In kuna so mu zo ku gyara bakin ma'aikatanku

Dakta Sani:
Wannan gaskiya ce ba ni da ja. Mace ɗaya da aka zaga sai ta hana mata goma na gidansu zuwa.

Hajiya Inna:
Ni 'ya'yana na farko a asibitin Tudun Wada na haife su tun asibitin koyarwa yana can kafin a koma Shika a 2005. Sistocin lokacin da farar hula da ɗamara, in babbarsu ta shigo zagaye kowa sai ya shiga taitayinsa, ko zanin gado ya karkace sai an gyara. Suna da faɗa amma ba sa zagin iyaye. Kafin mu kuma iyayenmu in haihuwa ta gagara Wusasa ake nufa wajen asibitin mishan. To amma Maman Hanif yanzu da kika dawo gida a kula da ke sosai, a dage da wankan jego safe da yamma da ruwa mai zafi da ganyen darbejiya, a dama miki kunun kanwa ki sha ki ƙoshi, shi ke gyara mai jego ya kawo ruwan nono.

Anti Nas:
Hajiya Mama ki gafarce ni, a nan kam zan saɓa miki. Wadda aka kwantar da jini 160 bisa 110 ba ta da haɗi da kanwa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta ƙara hawan jinin. A yi mata kunun gyaɗa ko na alkama ko na tsamiya ba kanwa, a ba ta nama da hanta da ƙwai da zogale saboda jinin da ta zubar. Wanka kuma da ruwan ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki.

Hajiya Inna:
Ikon Allah. Mu da muka yi arba'in muna wanka muna shan kanwa har da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, ga mu nan da ranmu har da jikoki. Yau kuma ita ce guba?

Dakta Sani:
Allah ya ƙara miki lafiya Hajiya, ku Allah ya ba ku ƙarfin zuciya kuka wuce. Waɗanda ba su wuce ba ba sa nan balle su ba da labari. A shekarun 1970 likitocin ABU, Farfesa Parry da Dakta Davidson, sun yi nazarin masu jego da ake kawowa da kumburin jiki da haki da tari ba sa iya kwanciya sai a zaune, wato ciwon zuciya na bayan haihuwa. Sun ga yawansa a Zariya ya wuce misali, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin wanka da na gadon wuta, kuma ya fi yawa a watannin zafi da damina. Har a littattafan koyon likita na ƙasashen waje ana ambaton Zariya a kan wannan ciwon. Ba cewa ake a bar kula da mai jego ba, wannan al'adar ta a zauna da ita a dafa mata a ɗauke mata aiki har arba'in abu ne mai kyau ƙwarai, kanwar da tafasasshen ruwan ne matsalar.

Hajiya Inna:
To. Ni dai ban gamsu duka ba amma tunda ita jininta ya hau a bi maganarku.

Maman Hanif:
Hajiya kar ki damu mamata tana nan tana ji da ni, kuma ita nas ɗin da kanta ta ja mamata gefe ranar sallama ta yi mata wannan bayanin, cikin ladabi har tana ce mata Mama. Shi ya sa tsohuwa ta yarda, da ni na faɗa da ba za ta ji ba.

Baban Sadiq (Kongo):
Barka malama. Ni ta ɓangaren maza zan yi magana. Leda biyun nan da aka ƙara mata daga jikin wasu ta fito. Na taɓa tsayawa a bakin ɗakin ajiyar jini cikin dare ina kiran 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce yana da basir wancan ya ce bai ci abinci ba wani wayarsa a kashe. Dan Allah maza tun ciki yana wata bakwai ka san rukunin jinin matarka, ka san mutum biyu da za su bayar, ka ajiye ɗan kuɗi ka riƙe lambar mai mota ko mai napep na unguwa. Kuma in likita ya ce aiki za a yi ka sa hannu, kar ka ce sai ka kira baffanka na ƙauye. Ku je asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ku ga masu yoyon fitsari, yawancinsu doguwar naƙuda ce ta jawo musu, ana jiran izinin wani.

Zee Samaru:
Wlh Baban Sadiq ka faɗi gaskiya. Amma an bar tambayar Anti fa, me za ta yi wa matar? Ni a ganina turmin atamfa mai kyau da turare da ɗan abin suna, cincin da dubulan da nama

Ummu Aiman:
Ni ina tsoron wannan. Daga kyauta ake fara lalata su, gobe sai su riƙa duba wa zai iya kawo atamfa kafin su kula shi, talaka kuma ya shiga uku.

Ustaz Abu Huzaifa:
Maganar Ummu Aiman tana da tushe, malamai sun yi taka-tsantsan sosai kan kyauta ga ma'aikaci saboda aikinsa. Abin da ba shi da shubuha shi ne addu'a da yabo a gaban shugabanninta. Abincin suna kuma a kai wa ɗakin gaba ɗaya, kowa ya ci har masu shara.

Anti Nas:
Malam ya gama magana. Maman Hanif in kina so ki yi mata abin da zai amfane ta, ki rubuta takarda da hannunki zuwa ga shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin, ki sa ranar da daren da sunanta da abin da ta yi, yadda kika rubuta mana nan. Takardun da suke isa ofis a kanmu kusan duk na ƙorafi ne. Irin wannan tana shiga fayil ɗin mutum, kuma in aka karanta ta a gaban ƙananan ma'aikata da ɗalibai ta fi lacca. Sannan in kin je awon sati shida ki neme ta ki nuna mata yarinyar. Mu muna ganinku ne a ranar da kuka fi kowace rana wahala, daga nan shikenan ba mu san yadda aka ƙare ba, wani lokacin kina gida kina wanke-wanke ki tuna wata ki ce ko yaron nan ya rayu.

Ke ma Ummu Aiman hanyar ɗaya ce, abin da aka yi miki da an rubuta da rana da lokaci ana iya gano wadda take aiki a daren. Ku daina barinmu da Allah ya isa kawai, ku rubuta.

Ummu Aiman:
Nawa ya wuce Anti, shekaru sun ja. Amma nagode da haƙurin da kika ba ni, ba wanda ya taɓa ba ni shi. Ƙanwata tana da ciki yanzu, ni zan raka ta kuma a bakin ƙofa zan kwana.

Maman Hanif:
In sha Allahu zan rubuta takardar, Baban Hanif ya kai. Abincin ma akwai sauran kayan suna za a kai musu gobe. Nagode ƙwarai.

Amaryar Gyallesu:
Slm Anti Nas dan Allah yi haƙuri na shigo da nawa, tun ɗazu nake karantawa gabana yana faɗuwa. Cikina wata takwas ne na fari, ina gidanmu goyon ciki. Ƙafafuna sun daɗe da kumbura an ce min haka ciki yake, amma yau na tashi har fuskata da hannuna zobena ya ƙi fita, kaina yana ciwo tun safe na sha farasitamol bai sauka ba kuma ina ganin wasu ƙyalli-ƙyalli a idona. Awona sai Talata. In bari sai Talatar ko?

Anti Nas:
A'a ƙanwata kar ki jira Talata, kar ki jira safiya ma. Ki tashi yanzu. Kumburin ƙafa kaɗai ba komai ba ne amma fuska da hannu da ciwon kai da ganin ƙyalli alamun jinin ya hau ne kuma jijjiga tana iya biyo baya ba sallama. Kar ki tsaya kemis, asibitin da ake haihuwa ake tiyata za ki. Waye a kusa da ke?

Amaryar Gyallesu:
Mamata ce sai ƙannena, maigidan yana Kaduna sai Juma'a zai dawo. Ina jin nauyin gaya wa Mama ne

Hajiya Inna:
Ke 'yar nan ba a kunya da rai. Kai mata wayar ta karanta da kanta, in ba ta karatun boko ki ce Hajiya ta Kwarbai ta ce ta ɗauko mayafinta yanzu. Mijin a kira shi a hanya.

Dakta Sani:
Ki ɗauki katin awonki da duk takardun gwaji da na sikanin. Kina isa kar ki bi layi, ki gaya wa nas ta farko da kika gani ciki wata takwas, ciwon kai, ina ganin ƙyalli, a gwada min jini da fitsari. A mota ki kwanta ta gefen hagu, kar a bar ki ke kaɗai ko banɗaki za ki.

Baban Sadiq:
Ina Kongo kusa da ku kuma akwai mai a motar. Turo wa Anti Nas lambar mamanki ta gefe ta ba ni a yi min kwatance, Maman Sadiq tana sa hijabi tare za mu zo. Ku fito bakin titi in lungun ba ya shiga da mota.

Amaryar Gyallesu:
Na gaya mata, tana haɗa kaya. Anti na turo miki lambar